Likita Oglesby da Kamshaf ɗin Tolliver

Duk faɗin yammacin Kansas, daga inda gonakin alkama suka fara har inda suka gaji suka miƙa wa Colorado, ba a taɓa yin kunne irin na Thurman Oglesby ba. Shi da kansa ya tabbatar mana da haka, kuma ai ya fi kowa kusa da kunnen.

Kanikawa bayin Allah sai sun kwance inji, sun yi dumu-dumu da baƙin mai, kafin su gano ciwonsa. Thurman kuwa yana zaune a shagon kofi na Wilma, da yankan kek ɗin tuffa a gabansa, mota za ta gifta a titi, sai ya ɗaga yatsa ɗaya. Kowa ya yi tsit. Ya lumshe ido, ya karkatar da kai, ya ce, "Bawul na shida. Ba za ta ga Kirsimeti ba." Kafin ya buɗe ido motar ta kusa wata jihar. Ba mai bin ta ya tambaya, shi ya sa shekara da shekaru ba a taɓa kama shi da kuskure ba.

Ƙarfinsa kaf a sayar wa manoma inshorar ɓarnar ƙanƙara ya ƙare. Ranar da ya ajiye aiki ya sayi farar riga irin ta asibiti, da abin sauraren ƙirji, ya rataya a wuya. Tsofaffin shagon Wilma suka fara ce masa Likita don tsokana. Mako bai zagayo ba ya sa an ɗinka masa sunan a aljihu da jan zare. Wasu na ce masa Kunnen Kansas, wasu Mai Farar Riga, duk yana amsawa da ɗan sunkuyar da kai, irin na wanda yabo ya fara gundura.

Tseren mota kuwa bai taɓa yi ba. Tun zamanin da samarin garin Ransom Flats suka shata rubu'in mil a tsohon filin jirgin soja suna gwada wa ya fi wa, Thurman na gefe ƙarƙashin laima. Wata shekara bayansa ne, wata shekara idonsa, wata shekara kuma Opal matarsa ce ta yi mummunan mafarki. "Direba ai jiki ne kawai," in ji shi. "Jiki ana samunsa a ko'ina. Ƙwaƙwalwa ce ba a jefa ta cikin haɗari." Saboda haka ƙwaƙwalwar ta kafa Ƙungiyar Tsofaffin 'Yan Tsere, ta zaɓi kanta shugaba, ta naɗa kanta mai duba motoci. Motar da bai ce ta yi ba, ba ta taka filin. Wanda ba ya son lacca ai yana son tsere, dole ya zauna ya ji.

Laccar kuma ɗaya ce: kamshaf, sandar ƙarfen nan mai tozaye da ke kwance cikin inji tana buɗe bawul tana rufewa, wadda ke yanke wa inji irin numfashin da zai yi. A wajen Thurman, duk wanda ya taɓa ƙera kamshaf a duniya ɗan koyo ne, ban da mutum ɗaya, marigayi Emmett Tolliver na California, wanda ya riƙa goge tozayen nasa da hannu a wata rumfar kwano. Thurman ya zauna da shi. Da farko zaman na yini guda ne. Da shekaru suka ja ya zama mako, ya zama bazara sukutum, har ta kai tsohon ya rungume shi yana kuka yana cewa, "Ɗana, kai kaɗai ka fahimce ni." Opal, wadda ke cikin mota a ranar, ta ce tambayar hanya ya shiga yi, ya kuma fito askirim ɗinta bai narke ba. Amma Opal ba ta san inji ba.

Wanda ya yi tseren gaske a garin shi ne Alois Dreiling, manomin masara, mai wata jar mota Plymouth ƙirar 1964 da ya raɗa wa suna Suruka saboda surutunta. A zamaninsa, in ya tayar da ita a gona, karnukan cikin gari sai su shige ƙarƙashin gado. Da girma ya zo ya jefa mata tamfol a sito. A hunturun bara ɓarin jikinsa ya shanye, harshe ya yi nauyi, ya koma keken marasa lafiya. Likitan asibiti, na gaske ɗin, ya ce wa 'yarsa Verna in akwai abin da suke so su yi masa, kada su ɗage shi zuwa baɗi. Verna direbar motar ɗaukar hatsi ce, ba ta da yawan magana. Ta yaye tamfol ɗin. Ita da mijinta Lonnie suka yi ta fama har Suruka ta tashi, da niyyar ta tuƙa ta a taron tsofaffin motoci na bayan girbi, tsohon ya sake jin muryarta a kan kwalta.

Sauran abu ɗaya: Likita ya zo ya duba.

Ya iso da farar riga da farar safar hannu. Ya zagaya motar yana tsaki a hankali, kamar wanda aka kira wajen majinyaci bayan an makara. Da Lonnie ya yi shiru, da an rabu lafiya. Amma Lonnie mutum ne mai son ya cike shiru, sai ya ce, "Likita, ga wani tsohon kamshaf ma da muka tsinta bayan ƙofa cikin buhun iri."

Thurman ya karɓa da hannu biyu. Ya sansana. Ya ƙwanƙwasa da cokalin kofi, ya kara abin sauraren ƙirji ya saurara. Da ya juya gindin ƙarfen ya ga wasu 'yan lotsawa guda uku, sai ya nemi kujera.

"Ku cire huluna," ya ce da rawar murya. "Verna, 'yata, kin san abin da kuka jefar bayan ƙofa kamar tsintsiya? Tolliver ne. Hannunsa ne. Ɗigo ukun nan sa hannunsa ne, a gabana ya ƙirƙiro shi. Ya ce da ni, Thurman, ɗaya na Uba, ɗaya na Ɗa, na ukun kuma naka ne. Irin wannan bai yi da yawa ba. Na ɗauka duk sun tafi, ashe ɗaya na nan yana jirana."

Alois ya motsa a kekensa. Ya tattaro ƙarfinsa, ya ce, "Famfo."

"Me ya ce?"

"Injin... famfo," in ji tsohon. "Rijiya."

"Kawu Thurman," Verna ta ce, "Baba cewa yake daga injin famfon ban ruwa ya ciro shi, na rijiyar arewa. Lotsawar kuma gudumarsa ce, da ya ƙi fita."

Thurman ya dubi tsohon abokinsa da tausayi mai yawa, ya dafa masa kafaɗa, ya ɗaga murya yadda ake yi wa kurma. "Allah sarki Alois! Ciwon nan ba jiki kaɗai yake taɓawa ba. Huta abinka, ɗan'uwa. Na zo."

Lonnie ya nuna wani tozo da ya cinye, ya kusa shafewa. "To wannan fa, Likita? Ai ya mutu."

"Ya mutu!" Thurman ya yi 'yar dariya, ya kalli rufin sito yana neman shaida. "Sirrin ke nan gaba ɗaya, yaro. Da gangan Tolliver yake rage tozo ɗaya don silinda ɗaya ya huta, sauran su yi kishi. Wannan ilimi ba a littafi yake ba. A kunne yake."

Nan take ya yanke hukunci. Ko dai a sa kamshaf ɗin Tolliver a cikin Suruka, ko kuwa motar ba ta cika sharaɗin shiga fili ba. Wane sharaɗi? Sharaɗin tarihi. Shi ba zai tsaya gaban Ubangiji ranar ƙarshe a tambaye shi don me ya bar tarihi cikin buhun iri ba. Verna ta dubi ubanta, ta dubi motar, ta haɗiye abin da ya zo mata baki. Ta ce, "To, Kawu."

Aikin sawa Likita ne ya yi shi da kansa, wato ya zauna a kujerar naɗewa yana nuni da biro, Lonnie na kwance a kan inji. Da Lonnie ya ɗauko faifan awo don a daidaita tayimin, wato lokacin buɗewar bawul, Thurman ya ce ya mayar. "Awo na makafi ne. Juya. Juya kaɗan. Tsaya! Na ji ya zauna." Injin a kashe yake a lokacin, amma kunne irin wannan ba ya jiran a kunna.

Aka kunna. Suruka ta yi tari, ta shaƙe, ta yi wani kuka kamar saniyar da ta haɗiyi leda. Tana tashi tana faɗuwa, tana fas-fas ta sama. Fuskar Thurman ta cika da haske.

"Kun ji? Kun ji yaren California? Ba kowace mota ke iya shi rana ɗaya ba." Ya sunkuya a kan kafireta, ya kara abin saurarensa, hanci kusa da maƙogwaronta. "Verna, ba ta totur. Kada ki ji tsoro, ina nan."

Verna ta taka. Kafireta ta yi aman wuta, harshe guda shuɗi da ja, tsawon hannu. Da hayaƙi ya washe, Likita na tsaye inda yake, ba gira ko ɗaya, rabin gashin baki ya tafi, warin ƙonannen gashi ya cika sito. Ya yi ƙifta-ƙifta da ido. Ya gyara wuyan riga.

"Ta gane ni," ya ce. "Gaisuwa ce. Ku bar ta ta huce, ƙarfen yana sabawa da gida."

Ya koma gida ya rufe ƙofa na 'yan kwanaki, domin manyan masana sukan buƙaci kaɗaici. Opal ta zana masa gira da nata fensirin, ɗaya ta ɗan fi ɗaya tsawo, ya zama kullum kamar yana mamakin kansa. Bai zauna banza ba. Ya buga wa jaridar mako waya, ta fito da hotonsa na kafin gobara ƙarƙashin kanun "An gano taska a Ransom Flats." Ya buga wa gidan rediyo. Ya kuma aika mai fenti gonar Dreiling da umarni.

Ranar da ya koma, tun daga bakin hanya ya ji ta. Suruka na ruri, mai kauri, mai nauyi, irin wanda ake ji a ƙirji kafin kunne. Tagogin sito na rawa. A jikin ƙofar mota, ƙarƙashin sunan Alois da ya kwashe shekaru a wurin, an rubuta da haruffan da suka ninka nasa girma: GYARAN LIKITA OGLESBY.

Verna ta tare shi tana goge hannu da tsumma. "Kawu, akwai maganar da nake so mu yi. Game da kamshaf ɗin nan, mun..."

"Ba godiya tsakaninmu, 'yata."

"Ba godiya ba ce, Kawu. Bayan tafiyarka..."

"Na sani. Bayan tafiyata ya zauna. Ai na faɗa muku." Ya miƙa hannu gefe ba tare da ya duba ba, irin na likitan tiyata. "Sukundireba."

Lonnie ya miƙa. Thurman ya ɗora a kan wata ƙusa ta kafireta, wannan karon ya ja fuska can baya. Ya murɗa kaɗan hagu. Ya saurara. Ya murɗa kaɗan dama, daidai inda ya same ta. Ya ɗaga hannuwa biyu kamar mai rufe addu'a.

"Yanzu ta gama. Kun ji bambancin? Ba za ku ji ba, amma yana nan. Kada wanda ya sake taɓa ta."

A kekensa, kafaɗun Alois na girgiza, ido na zubar da ruwa. Thurman ya gani, ya je ya rungume kan tsohon. "Yi kukanka, Alois. Ni ma da na fara ji haka na yi."

Ranar taro rana ta fito da ƙarfinta. Filin ya cika da tsofaffin motoci da tsofaffin mutane, kowa na goge nasa. Matan coci sun kafa tebur suna sayar da burodi mai cikin nama da kabeji da shayi mai ƙanƙara. Warin ƙonanniyar taya da fetur ya gauraya da na gasasshen nama. Likita na yawo tsakanin rumfuna da sabuwar farar riga, yana ba hannu, yana sa wa jaridar hannu ga duk wanda ya roƙa, da wanda bai roƙa ba.

An haɗa Verna da Buck Stegman, mai shuɗiyar Ford da baki ya fi ta gudu. Buck ya leƙo ta taga ya ce, "Verna, in kin ga ƙura ki bi ta, ni ne a ciki. Zan ajiye miki burodi a ƙarshen layi!"

"Ci abinka yanzu, Buck," in ji ta, "kada baƙin ciki ya hana ka anjima."

Thurman ya sunkuyo ta ɗaya tagar. "'Yata, kada ki yi tunani. Tunani an riga an yi miki. Ke dai riƙe sitiyari, Tolliver da ni za mu kai ki."

Lonnie ya tura keken Alois har bakin shinge. Motocin biyu suka ƙona taya, hayaƙi ya turnuƙe, suka ja layi. Fitila ta yi kore. Suruka ta ɗaga hanci, tayoyin gaba suka bar ƙasa, ta zabura da wani ihu da garin bai ji ba tun samarinsa na da gashi. Kafin mutane su gama miƙewa ta tsallake layi, shuɗiyar Ford na biye tana shan hayaƙinta. Alois ya ɗaga hannunsa mai lafiya, ya dunƙule, ya riƙe shi a sama bai sauke ba har ta juyo. Da Verna ta fito ta tuɓe hular kwano, wajensa ta nufa. Ta durƙusa, ya dafa kanta. Tsofaffi da yawa a wurin suka ce hayaƙin taya ne ya shiga musu ido.

Likita bai ga wannan ba, yana can yana neman makirfo. Dewey mai sanarwa ya jawo masa waya har gaban mota. Aka ɗaga bonet aka tokare, jama'a suka kewaye, aka bar injin yana ruri a hankali.

"Jama'ar Ransom Flats," muryar Thurman ta karaɗe filin ta kowace lasifika, "abin da kuka gani yau ba gudu ba ne, ilimi ne. Ku yi shiru ku saurara. Kun ji wannan 'yar gargadar, kamar bugun zuciyar zaki? Tolliver ne ke magana daga kabari. Ku rufe min ido, ku jera min motoci dubu, zan taka in zo in tsaya a gaban wannan. Na san muryarsa fiye da ta matata."

"Wannan gaskiya ne," in ji Opal daga cikin taro. Aka yi dariya, Likita ya karɓe ta a matsayin tafi.

Dewey ya ce, "Likita, akwai baƙi a nan da ba su taɓa ganin kamshaf ido da ido ba. Yaya za su bambance na kirki da na banza?"

Tambaya ce irin wadda Thurman ya daɗe yana jira. Ya waiga neman abin misali, sai idonsa ya faɗa kan sandar ƙarfen da aka tokare bonet da ita, an shafe ta da jan fenti. "Yawwa! Lonnie, riƙe bonet." Ya zare ta, ya ɗaga sama kowa ya gani.

"Kawu," in ji Verna.

"Ga na banza. Ko daga nesa na gane shi. Ku dubi tozayensa, gajeru, matsorata. Ku dubi wannan, ya cinye har ya shafe, mushe ne. Wannan bai taɓa ganin filin tsere ba. Tarkacen injin famfo ne, na jan ruwa a gonar masara, ko jinjiri ya gani ya sani!"

"Kawu Thurman..."

"Daidai aikinsa ke nan, tokare bonet. Kuma ina faɗa da babbar murya, a matsayina na shugaba: duk jakin da ya ɗauki irin wannan ya sa a motar tsere, ni da kaina zan kore shi daga filin nan, kada ya sake tako shi!"

Verna ta matso don ta yi masa raɗa. Ba ta lura makirfo na daidai bakinta ba.

"Kawu, shi ne fa. Na Tolliver ɗin. Washegarin da ya ƙone ka muka cire shi, muka mayar da na Baba na da. Lonnie ne ya yi masa fenti. Na yi ta son in gaya maka."

Maganar ta fita ta kowace lasifika, ta je ƙarshen fili ta dawo. Thurman ya tsaya da ƙarfen a sama. A hankali ya sauke, ya juya gindinsa ya duba. Zufa ta gangaro, ta ɗebo girar hagu ta kawo ta kunci.

Dariyar farko daga keken Alois ta fito, da rabin baki, amma ta isa. Sai filin ya ɗauka gaba ɗaya. Buck Stegman, wanda ya sha kaye, ya haɗa hannuwa a baki ya yi ihu, "To Shugaba, ka kori kanka mana, ko mu taya ka?"

A yi wa Likita adalci dai. Injin famfo ne, tozon ya cinye, kuma bai taɓa ganin filin tsere ba. Tun da Thurman Oglesby ya zo duniya, ranar ce ya fara duba kamshaf ya faɗi daidai.